Awannin da Na Yi a Gefen Surukina

In ka zo Gare, tashar manyan motoci ta Parakou, ka tambayi Mourtala, za a ce maka wanne, don mun kai biyar. Amma in ka ce Kumandan, ko mai sayar da ruwan sanyi za ta nuna maka rumfata tana ƙunshe dariya. A nan nake wuni, tsakanin tsofaffin tayoyi da jarkokin baƙin mai, ina cike wa direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, takardun lodi. Shekarata arba'in da huɗu. Ina da tumbi, ina da 'ya'ya uku, ina da lasisin tuƙa jirgin sama a aljihun gaba, kuma abin da nake tuƙawa kullum wani babur ne da ba ya tashi sai an tura shi.

Mahaifina, Alhaji Illiyasu, direban kamiyo ne, ya yi shekara talatin yana jigila tsakanin Parakou da Yamai. Da Allah ya karɓi abinsa, kowane ɗa namiji ya tashi da mota guda. 'Yan'uwana suka riƙe nasu, yau wasunsu na da uku uku. Ni kuwa na sayar da tawa na nufi Kwatano koyon tuƙin jirgi, saboda tun ina lakwal, wato makarantar boko, ba na iya jin ƙarar jirgi ban ɗaga kai ba, har malaminmu ya taɓa cewa wata rana rijiya zan faɗa. Na koya kuwa, ba laifi. Wanda ya koya mini ya ce hannuna yana da kyau, matsalata ɗaya ce: ko me aka ce mini sai in ce to.

Lasisin da na samu ƙaramin ne. Yana ba ka dama ka ɗauki kanka da abokanka ku sha iska, amma ba wanda zai ɗauke ka aiki da shi. Kafin a karɓe ka karatun babban lasisi, sai ka nuna awa ɗari biyu a littafin da kowane matuƙi yake rubuta tashinsa da saukarsa, wanda muke cewa karne. Ni aljihuna ya ƙare a awa ɗari da goma sha takwas. Na dawo gida da karne da tabarau irin na matuƙa, aka ba ni rumfa a Gare, aka kuma liƙa mini sunan Kumandan, wato babban matuƙin jirgi.

A duk garin akwai mai jin Hausa guda ɗaya da yake tuƙa jirgi da gaske. Zan rubuta sunansa sau ɗaya tak, Allah ya yafe mini: Kumandan Zailani. Mutumin Damagaram ne da ya daɗe a unguwar Ladjifarani, yana tuƙa wa wani kamfanin auduga ƙaramin jirginsu mai kujera huɗu, yana kai masu duba gonaki Djougou yana dawo da su. Na je gidansa neman shawara da tambayoyi goma sha biyu a rubuce a takarda. Ina cikin ta biyu 'yarsa Hindou ta kawo ruwa. Sauran goman har yau suna nan ban yi su ba, don bayan wata bakwai aka ɗaura mana aure, ya zama surukina. 'Yan Gare suka ce ai jirgin na aura, yarinyar gyara ce aka ba ni. Ba gaskiya ba ne, amma ban taɓa yin musu da ƙarfi ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba, zai ɗauka na samu hanya. Ai daga ranar ƙofar ta rufe. A gidanmu an ɗauki kunyar suruki da nauyi, ni kuma na ƙara mata gishiri. In na hango Baba a kan titi sai in karya kwana in shiga lungu. In ba makawa sai mun haɗu, zan durƙusa in gaishe shi idona a kan takalminsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na dariya, ba na kama sunansa. Akwai wani direba mai irin sunan da yake zuwa rumfata, shekara tara ina kiransa Mai-sunan-Baba. Shi ma Baban bai taɓa cewa Mourtala ba, sai Baban Ziyad, kuma in zai faɗa yakan kalli bango. In yana da magana da ni, sai ya gaya wa matarsa Hajiya, Hajiya ta gaya wa Hindou, Hindou ta gaya mini bayan ta rage abin da ta ga dama.

Ta wannan hanya saƙon ya iso wata ranar Talata, ina cin waken rana. Hindou ta ce, "Baban Ziyad, Baba ya ce saura shekara biyu ya ajiye aiki. Kamfani sun ce in akwai ɗan gari mai awa ɗari biyu kafin lokacin, za su tura shi ya ƙarasa karatu, su ba shi kujerar. Kuma ya ce yana neman pilot de sécurité. Ban san ko mene ne ba, kada ka tambaye ni."

Ni na sani. Matuƙi yakan so ya riƙa gwada tuƙi da allurai kaɗai, kamar yana cikin gajimare bai ganin komai. Sai ya sa wata hula mai dogon baki da take tare masa waje, ba ya ganin sama ko ƙasa sai agogunan da ke gabansa. Muna ce mata kasket. To tunda ya rufe idonsa da gangan, dole wani mai lasisi ya zauna a kujerar dama ya zama idonsa, ya duba ko akwai wani jirgi ko tsuntsu ko tsauni. Wannan mai gadin shi ma ana ba shi dama ya rubuta lokacin a karnensa. Na ajiye cokali na yi lissafi: awa tamanin da biyu nake nema, Parakou zuwa Djougou da dawowa awa ɗaya da rabi, shekara biyu ta ishe ni har da saura. Ranar ban ƙarasa waken ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne faɗin jirgin. Ranar farko na durƙusa a gindin fiffike na yi gaisuwa, har na fara cire takalmi kafin in shiga, sai na tuna da ƙafa ake taka birki. Da na zauna sai na ji kafaɗata ta taɓa ta Baba. Mutumin da nake canza titi saboda shi, ga shi muna shaƙar numfashin juna. Na matse jikina da ƙofa har hannun ƙofar ya yi mini shaida a haƙarƙari, na juya wuyana dama, na kafe idona a taga. Na ji motsinsa yana ɗauko kasket bayan mun tashi, ya ce a cikin na'urar kunne, "Bismillah." Na ce, "To, Baba." Iyakar hirarmu ke nan har Djougou.

Haka muka yi shekara biyu. Ba a taɓa yin mai gadin da ya san gefen dama kamar ni ba. A tafiya na haddace duk abin da ke arewacin hanya, a dawowa duk abin da ke kudancinta. Na san gonakin doya da na kaju, na san rugar da take matsawa kowace damina a wajen Pélébina, na san wani masallaci na garin mai koren kwano da aka yi wata goma sha huɗu ana ginin hasumiyarsa. In zan duba gaba, da wutsiyar ido nake yi. Hagu kuwa na bar wa Allah, don a can fuskar Baba take. Wuyana ya sage har Hindou ta riƙa gasa mini shi da tsumma, tana cewa ita ba ta taɓa ganin aikin da ake dawowa daga shi ana kallon gefe kamar kaza ba.

Karne kuwa, yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu haka na yi. In direba biyu suka tashi da kamiyo daga Gare zuwa Malanville, tafiyar tasu ce su biyu, daga tayar da inji zuwa kashe shi, ko da ɗaya barci ya yi tun daga Bembèrèkè. To ni ma da farfela ta fara juyawa sai in duba agogo, da ta tsaya in sake dubawa, in rubuta duka. An koya mana ƙa'idar a Kwatano, ba zan yi ƙarya ba, amma shekara goma sha ɗaya ta wuce, abin da ya rage a kaina kawai shi ne mai gadi ma yana rubutawa.

Wata rana Hindou ta gan ni ina busa tawada a shafi, ta ce, "Wai ka taɓa nuna wa Baba littafin nan ya duba maka?"

Na ce, "In nuna wa wa?"

"Baba mana. Ba shi ne ya san aikin ba?"

Na ce, "Ke Hindou, ki ji tsoron Allah. In miƙa wa Baba littafi kamar ɗan lakwal? In ce masa me?"

Ta ce, "Kawo in kai masa."

Na hana. Ina ganin in ya buɗe zai ga kamar ƙirga masa kwanakin aikinsa nake yi, ina jiran ya tashi in zauna. Gaskiyar magana kuma abin da nake yi ke nan.

Sau ɗaya aikin gadin ya taso da gaske. Farkon damina ne, muna dab da Pélébina, na hango garken shamuwa a gabanmu, daidai tsayinmu. Ƙa'ida ta ce in faɗa da ƙarfi, in abin ya matso in ce na karɓi tuƙi, in kama sitiyari. Ni kuwa na yi gyaran murya na ce, "Baba, ku gafarce ni, in ba za ku damu ba, kamar dai akwai wasu…" Kafin in kai kan tsuntsaye jirgin ya riga ya kwanta hagu, shamuwar suka wuce ta ƙarƙashin fiffikena ina ganin jajayen ƙafafunsu. Na dawo Gare na baza labari, na ce Baba ta cikin kasket yake gani, mutanen Damagaram ba a banza suke ba. Har wani direba ya roƙe ni in samo masa laƙanin.

Saura wata uku Baba ya ajiye aiki, karnena ya nuna awa ɗari biyu da biyu. Na sa kaftani sabo na tafi ofishin kamfani. Shugabar matuƙansu, Madam Shakira, ta zo daga Kwatano don wannan magana. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, ta girma a unguwar Zongo ta Kwatano, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta riga ta karɓi karnen Baba, ta ajiye shi kusa da nawa, ta buɗe su biyun.

Ta daɗe tana kallon shafin farko, sannan ta ce, "Monsieur Mourtala, c'est qui, Baba?"

A gurbin da aka ce a rubuta sunan ɗaya matuƙin, Baba na rubuta. Sau hamsin da shida.

Na ce, "Surukina ne, Madam."

Ta cire tabarau ta goge ido, na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, a gyara. Ga babbar. Ran sha biyu ga watan Mayu ka rubuta awa ɗaya da minti talatin. Shi ya rubuta minti ashirin a ƙarƙashin kasket. Ka san mai gadi ba ya rubuta komai sai lokacin da kasket take kan ɗan'uwansa? Da ya cire ta, kai fasinja ne. Minti nawa ka gani da idonka yana sanye da ita ran nan?"

Na gyara wuyan kaftanina.

"Ƙarfe nawa yake sawa, ƙarfe nawa yake cirewa?"

Na ce, "Madam, ban taɓa dubawa ba."

"Kana zaune kusa da shi?"

"Surukina ne, Madam."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki bik ɗinta na rubutu ta bi karnen Baba layi layi, ni kuma ina tsaye ina jin zufa tana bin bayana cikin sabon kaftani. A cikin awa tamanin da huɗu da na rubuta, goma sha bakwai ne Baba ya yi da kasket. Ranar shamuwa ma na leƙa na gani, minti goma ne, tun kafin mu kai rabin hanya ya cire ta. Madam ta ce, "Ɗari da talatin da biyar kake da su. Je suis désolée, ka yi haƙuri. Na so a ce kai ne, wallahi." Awa sittin da biyar a wata uku, ga wanda babur ɗinsa ma sai an tura, ba sai an yi dogon bayani ba. Aka ba wani saurayi daga Porto-Novo kujerar.

Na yi fushi, kuma tunda ba ni da inda zan kai fushin sai na kai wa Hindou. Na ce ubanta ya san ƙa'ida, ya san abin da ya kai ni jirgin, ya bar ni shekara biyu ina gadin mutumin da idonsa biyu a buɗe. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai da ka kasa juya wuyanka sau ɗaya, shi kake so ya juya harshensa?" Na fita na bar mata ɗakin. A Gare kuwa labari ya riga ni isa. Mai neman laƙani ya zo har rumfa ya ce ya fasa.

Ranar tashin Baba na ƙarshe, saƙo ya biyo hanyar da ya saba: Baba ya ce in Baban Ziyad yana da sarari. Na ce wa Hindou ba ni da shi. Ƙarfe bakwai na safe ina gindin fiffike a durƙushe.

Mun sauke mutanen kamfani a Djougou, suka shiga mota suka tafi gonaki, za su kwana biyu. Muka rage mu biyu. Shanu sun shigo filin, mai gadin wurin yana ta fama da su, dole muka zauna a cikin jirgi muna jira, inji a kashe. Ban taɓa zama da Baba cikin shiru irin wannan ba, babu ƙarar da zan ɓuya a bayanta.

Ya ce, "Baban Ziyad."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Na ga karnenka tun wata na biyu. Ka manta shi a kan kujera, na buɗe."

Na kafe idona waje. Ina kallon wata saniya mai karyayyen ƙaho.

"Na ga yadda kake rubutawa. Na ce zan gaya wa Hajiya ta gaya wa yarinyar nan. Sai na ga in na faɗa, kamar na ce mijin 'yata bai san aikinsa ba, kuma a bakin mata biyu. Na ce bari sai wani satin. Haka har satuttukan suka ƙare." Ya ja numfashi. "Da na bar kasket ɗin a kaina ma, da ba sai na faɗi komai ba. Kullum da niyyar haka nake fitowa daga gida."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ita ce tambayata ta farko gare shi tun ranar da Hindou ta kawo ruwa. Na ce, "To me ya sa kuke cirewa, Baba?"

Ya ce, "Likita ya gaya mini tun kafin in aika maka. Idon hagu ya fara tafiya, na dama zai bi shi, a hankali. Ya ce zan ci bizit, gwajin lafiyar matuƙa, na shekara biyu, ba zan ci na uku ba. Shekara talatin da shida ina bin ƙasar nan ta sama, ban taɓa kallonta don kallo ba, kullum aiki. In na sa kasket na yi minti goma, sai in tuna ga Pélébina can tana wucewa, kuma an ƙirga mini sau nawa ya rage. Sai hannuna ya cire ta. In ce gobe zan rama maka." Muryarsa ta sauka. "Awanninka na ci da idona, Baban Ziyad. Ka yafe mini."

A nan na juya hagu. Wuyan ma sai da ya yi ƙara. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ran nan na fara ganin fuskarsa sosai: ashe yana da tabo a haɓa, ashe hancin Ziyad nasa ne, ashe ya tsufa haka. Shi ma ya kalle ni, muka rasa yadda za mu yi da idanunmu, sai duk muka koma kallon shanu. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar duk abin da na faɗa a gaban Hindou.

Da aka kore shanun ya tayar da inji. Mun tashi mun daidaita, sai na ga ya miƙa hannu baya ya ɗauko kasket. Ya ce, "Yau ba zan cire ba sai mun hango Parakou. Ka duba agogo. Za ka samu minti talatin da biyar masu kyau."

Kada a ɗauke ni wani mutumin kirki. Na yi lissafin a take, ɗari da talatin da biyar da minti talatin da biyar ba za su kai ni ko'ina ba. Da awa sittin da biyar ya miƙo mini, ban san abin da zan ce ba, kuma na gode wa Allah da bai gwada ni ba. Na sa hannu na riƙe bakin kasket ɗin, hannuna a kan nasa.

Na ce, "Ku bar ta, Baba. Ni zan riƙe jirgin. Ku duba."

Ya sakar mini. Na ɗora kasket a cinyata na kama sitiyari, na rage gudu iyakar yadda jirgin zai yarda. Da muka zo Pélébina ban miƙe ba, na kwantar da fiffiken hagu na zagaya garin sau biyu, don tagarsa ta fuskanci ƙasa. Ya manna goshinsa da gilashi kamar yadda nake yi a nawa gefen. Can na ji shi a na'urar kunne, a hankali, yana cewa, "Ka ga sun gama hasumiyar."

Na ce, "Sun gama, Baba. Tun watan jiya."

Ya ce, "Ƙara zagayawa sau ɗaya, Mourtala."